Kada Ka Zaɓe Mu

A kwarin Willamette na jihar Oregon a Amurka, watan Fabrairu ba shi da wani aiki sai ruwa. Ba ruwan kirki ba mai tsawa wanda zai zuba ya wuce, yayyafi ne mai naci da ke shiga wuyan riga ya zauna. A cikinsa ƙungiyoyin ɗaliban kwaleji suke buɗe kakar lakuros, wasan da ake jifa da cafe ƙwallo da sanda mai saƙa a kai, kuma a cikinsa Lyle Hanneman yake zama a garejinsa kowace Laraba da hantsi, kofi na hucewa a gefensa, yana faɗa wa matarsa Noreen wanda zai ci da wanda zai sha kashi ranar Asabar. Ita take bugawa a kwamfuta, don yatsunsa sun daina shiri da ƙananan madannai. Alhamis da safe rubutun ya fita. Shekara ashirin da bakwai ke nan ana haka.

Ba wanda ya sa shi, ba wanda yake biyansa. Su ma 'yan wasan ba wanda ya sa su. Ba 'yan gatan nan ba ne da jami'a take ɗauka ta ciyar ta tufatar. 'Yan ganin dama ne, su suke haɗa ƙungiyarsu, su cusa kansu a motar haya su yi tafiyar awa biyar, su buga wasa a gaban mutum goma sha biyu da kare guda, su dawo su shiga aji ranar Litinin. Shi ya sa hasashen makon farko ya fi kowanne wuya. Gwanin bara ya gama makaranta, ko ya faɗi jarrabawa an dakatar da shi, ko ya yi budurwa ya manta inda ya jefar da sandarsa. Koci ma ba ya sanin mutum nawa gare shi sai ya ƙirga kawuna a fili. Duk wanda ya ce maka ya san abin da zai faru a makon farko, ko dai maƙaryaci ne ko kuma Lyle ne. A da ke nan.

An haife shi a wani ƙaramin gari a arewacin jihar New York, inda yaro yake riƙe sandar lakuros tun bai iya ɗaure takalminsa ba. Mai tsaron raga ne, kuma ba laifi, har ranar da gwiwarsa ta hagu ta juya inda ba a yi ta don ta juya ba, yana da shekara goma sha tara. Wasa ya ƙare. Da zaman gida ya ishe shi sai ya riƙa ɗingisawa zuwa wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Onondaga, mutanen da wasan nasu ne tun kaka da kakanni, wanda yake gyaran sanduna a wata rumfa bayan gidansa. Dattijon bai taɓa cewa zo in koya maka ba. Ya dai bar shi ya zauna, rannan ya turo masa ƙullin igiya da ƙafa. A nan Lyle ya koyi saƙar da ake yi a kan sanda, wadda take cafe ƙwallo ta kuma sake ta. Ya koyi inda ake ja da inda ake sassautawa, ya kuma koyi yin shiru.

Noreen ce ta jawo shi Oregon. Ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aiki a garinsu, ta ce masa ko ya biyo ta ko ya auri sandunansa. Ya biyo ta, da sandunan. A makonsa na farko ɗan sanda ya tare shi a bakin kogi ya tambaye shi takardar izinin kamun kifi, don bai taɓa ganin irin abin da ke hannunsa ba. Lyle ya shiga aikin gidan waya, ya raba wasiƙu shekara talatin da ɗaya da wannan gwiwar. Da wasu ɗalibai suka tashi kafa ƙungiya a Kwalejin Marlow, shi ya saƙa musu sanduna, shi ya ja musu layin fili da farar ƙasa, shi ya tuƙa su a tsohuwar motarsa. Labari ya bazu. Kafin a jima, duk watan Janairu kwalaye suke isowa garejinsa daga kwaleji goma sha ɗaya, kowanne cike da sandunan da ke neman sabuwar saƙa.

A nan sirrin yake, kuma ban da Noreen ba wanda ya sani. Ɗan wasan da ya yi aiki lokacin hutun sanyi, bango yake samu ya yi ta jefa ƙwallo yana cafewa, sau ɗari biyar, sau dubu. Igiyar sama takan sule a wuri ɗaya, jar ƙurar bulo ta shiga saƙar, bakin sandar ya goge saboda kwasar ƙwallo daga ƙasa. Wanda kuwa ya yi hutunsa a kan kujera yana cin soyayyen dankali, sandarsa takan zo da igiya lafiya lau da ƙurar ƙarƙashin gado, wani lokaci har da safa ƙafa ɗaya a maƙale. Lyle sai ya jera kowace ƙungiya a jikin bango ya ƙirga sulallu. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Da wannan kaɗai yake cin takwas cikin goma, har wasu suna rantsuwa yana da abokai cikin alƙalan wasa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da ja da igiyarsa.

Sai zamani ya zo da nasa. Masana'anta ta fara sayar da saƙa gamammiya wadda ruwa ba ya sa ta saki, yara kuma suka koyi ɗaura ta daga waya cikin rabin awa. Kwalaye suka koma shida, suka koma biyu. Yatsun Lyle suka kumbura a gaɓoɓi kamar citta. Mai hankali da ya ajiye rubutun tun a lokacin, amma mutum ba ya son ya yarda an ci kasuwarsa an watse. Ya ci gaba, yana duba sakamakon bara da sunayen da ya sani, yana cankar abin kamar kowa. Shekara huɗu yana faɗuwa fiye da yadda yake ci. Ya san da haka, kuma yana damunsa. Abu ɗaya yake sanyaya masa rai: Noreen ta ce masu karanta shi sun ninka. Ya ɗauka mutunci ne, ya ɗauka mutane suna tuna wanda yake a da.

A bana kwali ɗaya tak ya zo, daga Marlow, sanda goma sha shida. Kocinsu Curtis Tamura ne ya aiko. Malamin lissafi ne a sakandare, ɗan shekara arba'in da ɗaya, kuma Lyle ne ya saƙa masa sandarsa ta farko. Marlow kuwa ta shekara biyu ba ta ci wasa ba, kashi goma sha bakwai a jere. Dokar kwalejin ita ce ƙungiyar da ta gaza mutum goma sha biyar a ƙarshen wata za a soke ta a ba wasu filin. Curtis yana da goma sha shida, biyu daga ciki kuma ƙafarsu ɗaya tana waje. Wasan farko da Kwalejin Tillery ne, waɗanda suka yi musu goma sha tara da uku bara.

Mako uku Lyle ya yi a kan kwalin, yana yi yana tsoma hannu a ruwan ɗumi. Tun sanda ta farko ya ga abin da bai zata ba. Ta biyu ma haka. Duka goma sha shidan sun sule har zare, jar ƙura ta rine su, bakunan sun goge sun yi sulɓi, ɗaya har da busasshen jini a mariƙinta. Rabon da ya ga kwali irin wannan ya fi shekara goma sha biyar. Ranar da ya gama ya shiga kicin yana ɗingishi da sauri ya ce wa Noreen, "Marlow sha biyu, Tillery takwas. Ki rubuta ki ajiye." Karo na farko cikin shekara huɗu ba canka yake yi ba, sani ya yi, kuma duk kwarin zai gani ranar Asabar.

Talata da la'asar Curtis ya zo ɗaukar kaya, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"A'a, Koci Tamura da kansa! Shigo kada ruwa ya narkar da kai."

"Dattijo, yaya yatsun?"

"Suna nan, goma cif. Ban da wannan ba wani labari."

Curtis ya ɗauki sanda ɗaya ya sa ƙwallo ya girgiza, ya yaba. Ya ɗauki wata ya yaba. Ya ci biskit ɗin Noreen biyu, ya yi maganar ruwa, ya yi maganar tsadar tayar mota. Lyle ya san shi tun ba gemu, ya san akwai magana a bakinsa.

"Kai, faɗi abin da ya kawo ka, ka cinye min biskit."

"Lyle, alfarma nake nema."

"In mota ce, ba ta tashi."

"Ba mota ba ce. Rubutun Alhamis ne." Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar sanda. "Don Allah kada ka zaɓe mu."

Lyle ya yi dariya. "Ka makara, yaro. Ku za ku ci. Na rantse maka ku za ku ci."

"Wayyo, abin da nake gudu ke nan."

"Kamar yaya?"

"Ka san halin 'yan wasa. Ina da wanda bai wanke safarsa ba tun Nuwamba. Ina da wanda ba ya shiga fili sai da ƙafar hagu. To, sun ce duk ƙungiyar da ka zaɓa sai ta sha kashi."

"Su wa suka ce?"

"Kowa, Lyle. Duk kwarin. In ƙungiya ta faɗi sai a ce Lyle ya taɓa ta. Har wanda ya faɗi jarrabawa cewa yake Lyle ya taɓa ni. Bara da ka ce Tillery za su faɗi, liyafa suka yi tun daren Alhamis." Ya ɗago ya ga fuskar tsohon, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na ɗauka ka sani. Ai shi ya sa kowa yake jiran rubutunka."

Lyle ya nemi kujera ya zauna. Ashe ba mutunci ba ne. Ashe mai kambun baka suka mai da shi, suna buɗe rubutunsa da safe don su ga wanda tsohon ya kashe a wannan makon. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa.

"Kai ma ka yarda da wannan shirmen?"

"Haba, ni da nake koyar da lissafi? Amma Emmett ya yarda, shi ne kuma mai tsaron ragata. In ya buɗe waya ya ga sunanmu, ranar Asabar ba abin da zai iya tarewa. In muka faɗi, biyun nan sun tafi, ƙungiya ta mutu. Kai ka ja layin filin nan da hannunka."

"Shekara ashirin da bakwai ban taɓa rubuta abin da ban yarda da shi ba. Na yi kuskure, na sha yi, amma kuskurena ne, ba na aro ba."

"Na sani. Shi ya sa na ce alfarma."

Ya ɗauki kwalinsa ya fita cikin ruwan.

Laraba da hantsi Noreen ta zauna gaban kwamfuta ta gyara gilashinta. Suka wuce wasanni huɗu na farko, Lyle yana jefo lambobi kamar mai zubar da shara. Suka zo na biyar.

"Marlow da Tillery," in ji ta. "Wannan ai na riga na rubuta. Sha biyu da takwas."

"Kin san abin da suke ce min?"

"Ni nake buɗe saƙonnin, Lyle."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Kika bar ni ina ta baza haƙora, wai an ninka?"

"Me zan ce maka? Laraba ce kaɗai ranar da kake aske gemu ba sai na yi magana ba."

Ruwa na ta buga rufin kwano.

"Ka faɗa musu gaskiya mana," ta ce. "Ka rubuta maganar igiyoyin. Ka ce ga abin da ka gani."

"In ce na san za su ci saboda zare ya sule? A kunnensu wannan ma wani camfin ne. Kuma ko na cika shafi goma da bayani, layi ɗaya Emmett zai karanta: Lyle ya zaɓe mu."

"To me kake so?"

Abin da yake so a fili yake. Yana so ya ci sau ɗaya, a gaban kowa, a wasan da ba wanda zai zaɓi Marlow sai mahaukaci ko masani. Yana so Asabar da yamma a ce ashe tsohon yana nan. Dama irin wannan ba za ta sake zuwa ba, don ba wani kwalin da ke hanya. Ya dubi bangon da ya saba jera sanduna, babu komai sai ƙusoshi.

"Goge. Rubuta Tillery sha huɗu, Marlow biyar."

"Dalili fa? Kullum kana ba da dalili."

"Ce Marlow ba su da ƙafa. Ce hannunsu bai faɗa ba, da alama sun yi hutu a kan kujera."

Noreen ta buga, a hankali, harafi ɗaya ɗaya. "Ni dai yatsuna ka ara," ta ce, "ban ba ka bakina ba."

Asabar ya je filin da kujerarsa mai naɗewa da bargo a gwiwa. 'Yan kallo ba su kai talatin ba, kowa a ƙarƙashin lema. Dinyoyi sun kwana a filin sun bar abin da suka saba bari. Aka busa usur.

Ba sai an daɗe ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, shi kuma ya ga Larabar tun a garejinsa. Duk ƙwallon da ta faɗi a taɓo, ɗan Marlow ne yake fara kai mata sanda ya kwashe ta ba tare da ya tsaya ba. Jifa na fita a miƙe, cafiya na zama a saƙa ba ta tsalle. Emmett, dogo siriri da shi, ya tare bugu uku a jere, na ukun da gwiwa, ya tashi yana ihu. 'Yan Tillery suka fara zargin juna tun kafin hutun rabin lokaci. Lyle yana zaune ya san kowace saƙa da ke filin, ya san wadda ya ja sosai don mai ita bahago ne. Aka tashi goma sha ɗaya da takwas. Ci ɗaya ya kuskure.

Kocin Tillery ya wuce ta gabansa yana girgiza kai yana dariyar yaƙe. "Lyle, me muka tsare maka? Mako mai zuwa ka taɓa wasu, don Allah!"

Sai ga 'yan Marlow sun kwaso da gudu, su goma sha shida, taɓo har ido. Suka kewaye kujerar.

"Mista Hanneman, ka taɓa su!"

"Wai ba mu da ƙafa! A jikin ƙofa muka manna shi!"

"Kada ka daina, Mista Hanneman, ka yi ta kashe mu a rubuce!"

Emmett ya rungume shi ya shafa masa taɓo a kunci. Lyle ya ji maganar ta taso masa, ya kasa danne ta. Ya riƙe hannun yaron ya ce, "Ku saurara. Na san za ku ci. Tun makon jiya na sani."

Suka fashe da dariya har wani ya faɗi zaune a taɓo.

"Kun ji, wai ya sani!"

"Tsohon nan da ban dariya yake!"

Suka ruga suka koma fili suna buga sanduna sama. Curtis ya zo daga baya ya durƙusa gefen kujerar, idonsa jajur. Ya kama kumburarren hannun Lyle da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Biyun nan sun ce suna nan," ya ce. "Ba inda za su." Ya share hanci da bayan hannu. "Sauran wasa tara, dattijo."

Lyle ya gyaɗa kai. Ya yi murna, ba ƙarya, ƙungiyar ta rayu. Amma da ya tashi naɗe kujerarsa sai ya ji gajiyar da bai taɓa ji ba a shekara talatin da ɗaya na raba wasiƙu. Noreen ta karɓi kujerar, ta karɓi makullin motar ma, bai yi musu ba. Ita ta tuƙa su har gida, abin share gilashi yana ta kai da kawowa.

Laraba ta zagayo da ruwanta. Bai aske gemu ba. Noreen ta kawo kofi ta ajiye, ta zauna gaban kwamfuta ta buɗe jerin wasannin mako na biyu. Saƙonni sun fi na kowane lokaci yawa, ba ta karanta masa ko ɗaya ba.

"Mu fara da Marlow," ta ce. "Za su je Pine Hollow. Wa zai ci?"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa a kan gwiwa.

"Kira Curtis ki tambaye shi wanda yake so in zaɓa."

Noreen ta cire gilashinta ta dube shi. Bai ɗago ba. Ta jira, ko zai ce wasa yake yi. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauko wayar.